Ranar da Na Warkar da Asibiti Guda

In muka zauna a majalisarmu ta Sabon Gari bayan la'asar, ba a rasa wanda zai tsokane ni ya ce, "Dokta, a duk aikin likitancinka wanne ne ya fi girma?" Jira suke in ce na fiɗe ciki na ciro ƙari kamar kabewa. Sai in ce musu babban aikina na yi shi ne tun ban san inda saifa take ba. Rana ɗaya da hantsi na tashi majiyyatan asibiti guda cur, guragu suka ruga da gudu, makafi suka gane ƙofa, ban ba kowa ko ƙwayar magani ba. Su ce Ɗanjuma ya fara. To yau na ɗauki alƙalami, kowa ya karanta ya huta da tambaya.

Zamanin nan ne kuɗin man fetur ya ɓarke wa ƙasar nan kamar ruwan Agusta. Jiragen siminti sun yi layi a tekun Legas sun rasa wurin saukewa, masinja ya sayi babur, malamin firamare ya sayi rediyo mai kaset. Gwamnati kuwa ido rufe take neman wanda za ta tura karatu waje. In ka yi atishawa da Turanci a bakin ofishin tallafin karatu, sai a leƙo a tambaye ka wace ƙasa kake so. Ni kuma, ɗan Malam Ilu dillalin shanu na karar Wudil, na gama sakandare da sakamakon da ba a ɓoye shi, ba a kuma rataye shi a bango. Wani mai kwat a Kano, dillalin makarantu, ya nuna mana ɗan littafi mai hoton wani gini a ƙasar Indiya, mai hasumiya da agogo da ginshiƙai, ya ce makarantar likitoci ce. Babana ya juya hoton sama da ƙasa kamar yana duba haƙoran bijimi, ya ce, "Ginin dai ya ƙoshi." Shi ke nan ciniki ya faɗa.

Zangona na farko Bombay. Mutanen da na gani a bakin filin jirgi, na ɗauka ranar ce kasuwar duniya take ci. Direban tasin da ya ɗauke ni zuwa tashar jirgin ƙasa mutum ne mai son baƙo, don bai yarda mun rabu da wuri ba. Akwai wani gunki a tsakiyar shatale-tale da muka yi ta wucewa har muka saba, na fara ɗaga masa hannu. Da na gane abin da ake ciki na yi masa faɗa da Turancin makaranta, ya kaɗa kai irin kaɗawarsu wadda ba a'a ba ce ba i ba ce, ya karɓi abin da ya karɓa.

A bakin tashar ne na kusa barin duniya. Na ga saniya, fara sol, mai tozo kamar tulu, tana tafe a tsakiyar titi, ba igiya, ba makiyayi, ba mai tayawa. Motoci suna kauce mata kamar matar gwamna. Jama'a, ni a kara na tashi, hannuna bai san a ga saniya a wuce ba. Na ajiye akwati, na ɗaka mata duka a ƙugu in ji nama, na kama leɓenta na ɗaga in ga shekarunta. Ban sauke hannu ba na ji gari ya ɗauki ihu. Kafin in ce kwabo an kewaye ni, kowa da abin da yake faɗa, wani har ya cire takalmi. Wani tsoho mai sayar da shayi ne ya ratso, ya tsaya a gabana ya yi ta magana yana nuna ni yana nuna sama, har taron ya watse. Ya zaunar da ni a bencinsa, ya ba ni shayi a ɗan kaskon yumɓu, ya ce da guntun Turancinsa, "Na gaya musu haka ake gaida saniya a ƙasarku. Kada ka sake gaishe ta." Ya ƙi karɓar kuɗin shayin. Har na bar ƙasar, in na hango saniya hannuwana a aljihu suke.

Daga nan jirgin ƙasa ya yi kudu da ni, tafiyar da na zaci sai mun faɗa teku za a tsaya. Na ci shinkafa a kan ganyen ayaba da wata miya mai barkonon da ya sa na ga kakana da ya rasu. Da muka isa garin, ina saukowa na ɗaga kai, sai ga hasumiya, ga agogo, ga ginshiƙai, sak hoton da babana ya yaba. Na ce alhamdu lillahi, ashe jirgin har cikin makaranta yake kai mutum. Na tari wani ɗan dako na tambaye shi ofishin shugaba. Ya dube ni, ya dubi ɗan littafin, ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Ginin da ya ƙoshi ashe tashar jirgin ce.

Makarantar tana can bayan gari, bayan masana'antar igiyar kwakwa. Azuzuwa ne jere da rufin kwano, sai wani dogon gini da aka rubuta wa asibitin koyarwa. Mai ita wani gajere ne mai tumbi da gashin baki kamar ƙahon rago, kowa na kiransa Sahib, wato maigida. Ya rungume ni ya ce daga yau shi ne ubana. Ban ankara da irin uban da na samu ba sai da wani dogo baƙi ya tare ni a bakin ƙofa ya ce da Hausa, "Daga ganin wannan tafiyar taƙamar da ba komai a aljihu, Bakano ne."

Na ce, "Daga jin wannan bakin da ba a gayyace shi ba, Bazazzage ne. Zo ka ɗaukar wa ubangidanka akwati."

Lawal ke nan, mutumin Zariya, ya riga ni zuwa da shekaru. Mu 'yan Najeriya mun kai cikin aji guda, amma ni da shi kaɗai ke jin Hausa, don haka duk wasan Kanawa da Zagezagi a kanmu ya ƙare. Shi ya zagaya da ni. Ya nuna mini madubin ganin ƙwayoyin cuta, guda ɗaya tak, a kulle cikin kabad kamar kayan ɗakin amarya. Ya gabatar da ni ga kwarangwal ɗin makaranta, wanda ya raɗa wa suna Gambo, hannunsa ɗaya, haƙarƙarinsa kuwa an cike giɓin da waya. Sai da na yi shekara kafin in san mutum ya fi Gambo yawan ƙashi. Malamanmu surukin Sahib ne da wani tsohon mai haɗa magani, su buɗe littafi su karanta, mu rubuta, mu haddace. Hadda kam mun yi ta, ko a allo ban yi irinta ba.

Asibitin kuwa Lawal ya ce, "Ka ga wannan? Tun da aka gina shi ba a taɓa mutuwa a cikinsa ba."

Na ce, "Kai, likitocin sun ƙware haka?"

Ya ce, "Ba a taɓa kwanciya ba dai." Gadaje ne reras, ba katifa, mai gadi ne kaɗai ke yin ƙailula a na kusa da taga.

Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, kowa na ce mata Amma, wato inna. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarenta, amma mun yi shekara biyu muna hira. A damina ta farko zazzaɓi ya kwantar da ni, ga kewar gida ta taso mini gaba ɗaya. In na rufe ido sai in ga gadar Wudil ranar Juma'a, motocin shanu, masu soyayyen kifi suna bin tagogin mota da faranti a ka. Na daina cin abinci. Amma ta zauna a bakin tabarmata tana tambaya da hannu me nake so. Na dunƙule hannu na kwatanta mata malmala, na yi kamar ina tuƙi da muciya, na gutsura na haɗiya. Ta tashi ta fita. Can sai ga ta da kwano. Wallahi tuwo ne, tuwon tamba, baƙi-baƙi, mulmulalle, ashe abincin ƙauyensu ne da take jin kunyar ba baƙo. Ta haɗa da miyar kuɓewa. Na ci ina kuka, tana dariya tana share mini fuska da gefen zanenta, ni ƙato da gemu ya fara tsirowa.

Ina cikin shekara ta biyu labari ya iso daga gida. Gwamnati ta farga cewa 'ya'yanta sun bazu a duniya suna karatun likita a wuraren da ba wanda ya taɓa gani da ido. Hukumar da ke yi wa likitoci rajista ta ce daga yanzu ba takardar wata makarantar waje da za ta karɓa sai ta tura mutanenta sun duba makarantar: malamanta, kayan aikinta, da asibitin da ɗalibai ke taɓa marasa lafiya. Wadda ta ci, 'ya'yanta likitoci ne. Wadda ta faɗi, takardarta sai dai a ƙunshe ƙosai. Kuma ga su nan tafe wurinmu.

Ban taɓa ganin aiki irin na makon nan ba. A kara na san masu ɗura wa sa kanwa da ruwa daren kasuwa don ya wayi gari da ciki, amma Sahib ya fi su, shi makaranta guda ya ɗura wa. Manyan motoci suka yi ta sauke kayan aro: madubai, littattafai, katifu, kwalabe masu hanji a ciki, kwarangwal sababbi har Gambo ya zama abin kunya aka ɓoye shi a bayan gida. Aka yi hayar farfesoshi daga birni, masu furfura da tabarau. Aka shafe bango da farar ƙasa har da kututturen bishiya. Sannan aka shiga neman majiyyata. Aka bi masunta da masu jan keken haya da matan masana'antar igiya, kowa aka ba shi cutarsa ya haddace, da alkawarin abincin rana da ɗan abin sawa a aljihu. Wani aka naɗe masa ƙafa da filasta, wani aka rufe masa ido, wata aka cusa mata matashin kai a ciki.

Mu kuma muka taru a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ba wanda bai san abin da ake yi ba daidai ba ne, amma kowa na da abin da zai rasa. Lawal ya fi kowa. Shi ba gwamnati ce ta turo shi ba, gonar gado mahaifinsa ya sayar. Ya baro amarya da ciki, yarinyar da aka haifa har ta fara zuwa makarantar allo bai taɓa ganinta ba, kuma saura masa kaɗan ya gama. Ya ja ni gefe, yau babu wasa a fuskarsa.

"Ɗanjuma, ka san ban taɓa roƙonka komai ba."

"Ban da sabulu da man gashi da rabin tuwon Amma."

"Don Allah ka bar wasa. Wuni ɗaya ne. Mu samu takardar nan, in mun koma gida ma koyi aikin a asibitin gaske. Kowa a bakinka yake jin tsoro. Kai in ka ga baƙo sai ka ba shi labarin har abin da ba a tambaye ka ba."

Ashe sun riga sun gama shawara da Sahib. Sauran ɗalibai za su sa fararen riguna su rataya abin sauraron ƙirji a wuya. Ni kuwa majiyyaci zan zama, wanda mota ta kaɗe, muƙamuƙinsa ya karye, ba ya iya magana. Na ce wannan cin mutunci ne, duk ajin wa ya fi ni hadda? Lawal ya ce, "Ba wanda ya fi ka, shi ya sa za a ɗaure." Na dubi idonsa, na tuna yarinyar da bai gani ba, na ce to.

Da safe surukin Sahib ya naɗe ni. Bandejin da ya ci a kaina, da za a warware shi zai kai daga Wudil zuwa Darki ya dawo. Ya bar mini hanci da 'yar kafar ido ɗaya da ɗan tsagin baki don numfashi. Aka kwantar da ni a gadon ƙarshe na ɗakin maza, aka ja bargo har wuya, aka ce hannu ma kada ya fito. Maƙwabcina wani masunci ne da aka ba ciwon hanta, sai tambaya yake yaushe za a gama, ruwa na janyewa, kwalekwalensa na jira.

Da hantsi suka shigo. Ta kafar idona na hango su: wata likita 'yar kudu mai riƙe da jaka, wani jami'in ofishin jakadancinmu, sai wani dattijo siriri mai farin gemu, da farar riga da hula zanna, yana tafe a hankali hannuwansa a baya. Daga baya na san sunansa Dokta Maiwada, mutumin Katsina, yana cikin 'yan arewa na farko da suka yi karatun likita. Sahib na gaba yana zuba bayani kamar mai tallan maganin basir, Lawal da sauran suna biye cikin fararen riguna.

Dattijon nan yana da wata ɗabi'a da shekarun aiki suka dasa masa. Ba ya wuce gadon majiyyaci bai gaishe shi ba, kuma da Hausa yake gaisuwar, ko mai gadon ya ji ko bai ji ba. Tun daga bakin ƙofa na fara jiyo shi, ƙasa-ƙasa, gado bayan gado: "Sannu. Allah ya ba da lafiya." Masunta su yi nishin da aka koya musu, ya wuce. "Sannu, bawan Allah. Allah ya sa kaffara ne."

Shekara biyu rabon da in ji muryar babba da harshen gida. Hausar Lawal ta zagi ce, ba ta shiga lissafi. Wannan kuwa irin muryar da ake ji ce a zaure da asuba. Na ce wa kaina, Ɗanjuma, muƙamuƙinka a karye yake. Na cije haƙora. Na tuna wa kaina da Lawal. Amma ku da kuka tashi a gidajenmu kun sani, an fi yafe wa yaro ya fasa tulu da a ce babba ya gaishe shi ya yi shiru. Babana ya taɓa tsayar da cinikin bijimi ya bi ni har bakin kogi da igiyar shanu don wani tsoho ya ce mini sannu na amsa da ka.

Ya iso gadona. Ya tsaya ya dubi wannan tulin bandeji, ya girgiza kai da tausayi na gaske, ya dafa ƙafata ta kan bargo.

"Subhanallahi. Sannu, bawan Allah. Ya jikin?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe. Alhamdu lillahi."

Wallahi ban san lokacin da ta fita ba. Ɗakin ya yi tsit, har fankar sama na ji ta rage gudu. Dattijo bai ko razana ba. Ya sunkuyo, ya ci gaba kamar a ƙofar gidansa muka haɗu.

"Madalla. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya baƙunta?"

"Baƙunta ta zama jiki, ranka ya daɗe."

"Mutumin ina ne?"

"Wudil."

"Ikon Allah. Ya mutanen Wudil? Ya kogi, ya kara?"

"Duk lafiya lau na baro su."

Sahib bai ji ko kalma ba, amma ya ga majiyyacinsa mai karyayyen muƙamuƙi yana zuba kamar kanya. Ya faɗo tsakaninmu da Turanci, gumi na bin gashin bakinsa, ya ce ai wannan ɗalibinsu ne abin ƙaunarsu, mota ce ta kaɗe shi a kan keke, su da kansu suka yi masa aiki, ga shi har ya fara magana, wannan kaɗai ya isa shaida a kan ƙwarewar asibitin. Kai, mutumin nan da a kara yake da ya sayar da jaki a kuɗin doki.

Dokta Maiwada ya saurare shi har ya gama. Sannan ya juyo gare ni, ya koma Hausa, muryarsa a ƙasa yadda daga ni sai Lawal za mu gane.

"Ɗana, ka ji abin da ya ce. Ni baƙo ne, wuni ɗaya zan yi in tafi. Abin da ka faɗa mini shi zan ɗauka. Na gaishe ka da jiki ka amsa. To ina ke maka ciwo?"

Amsar gaisuwa bakina ne ya yi ta ba da izinina ba. Wannan kuwa tambaya ce, kuma ƙofa a buɗe take. In na ce muƙamuƙi, ya wuce, shi ke nan. Ta kafar bandeji na hango Lawal, fuskarsa ta yi toka, leɓensa na motsi ba sauti. Sai kuma na hango wani abu da ba ya cikin ɗakin: layin matan da ke zama a bakin ɗakin shan magani na garinmu tun da sassafe, daga Indabo, daga ƙauyukan hayin kogi, da yara a goye. Su ne za a ce wa ga ɗan Malam Ilu ya dawo likita. Ba za su tambayi takarda ba, miƙo mini yaran za su yi. Ni kuwa ban taɓa jin bugun zuciyar kowa ba sai tawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba inda ke mini ciwo. Duk ɗakin nan ba mai ciwon komai. Wanda ya fi kowa jin jiki a nan shi ne mai gashin bakin can."

Na ture bargo na tashi zaune, na kama bakin bandeji na fara warwarewa. Ina warwara yana taruwa a ƙasa kamar rawanin da ya ɓata wa mai shi rai. Da kaina ya fito na miƙe tsaye na yi miƙa.

To a nan ne aikin ya faru. Masuncin da ke kusa da ni ya ga na tashi, ya ɗauka an tashi aiki. Ya wuntsilo daga gado da ciwon hantarsa, ya yi wa 'yan uwansa kira da yarensu. Kafin ƙiftawar ido ɗakin ya hautsine. Mai filasta ya saɓa sandar guragu a kafaɗa ya ruga a guje. Makaho ya cire audugar idonsa ya nuna wa sauran ƙofa. Wanda aka ce ya kwana uku a sume ya tsallake gado biyu. Daga ɗakin mata wata ta fito da cikinta a hannu tana tambayar wa za ta mayar wa. Duk suka yi wa Sahib zobe suna neman abincin ranarsu. Likitar nan 'yar kudu ta zauna a bakin gado tana dariya har hawaye. Dokta Maiwada bai yi dariya ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma ka sani abin da ka saya yana da tsada."

Bai yi ƙarya ba. A yammacin ranar ya tara mu a gindin mangwaro ya ce ba zai iya sa hannu a kan makarantar nan ba ko da 'ya'yan cikinsa ne a ciki, amma zai yi iyakar ƙoƙarinsa kada a yar da mu. Suka tafi. Washegari Sahib ya sa aka rufe mana ƙofa, uban da na samu ya sallame ni. Muka shiga watanni na jira, ba karatu, ba labari. 'Yan uwana ɗalibai suka daina yi mini magana. In na shigo wuri a tashi. Wani ya ce mini annabin ƙarya, wani ya ce dama Bahaushe bai san darajar boko ba. Waɗannan ba su dame ni ba. Shirun Lawal ne ya dame ni. Mutumin da kullum sai ya zagi Kano kafin ya karya kumallo, yanzu in mun haɗu a hanya sai ya dubi ƙasa ya wuce. Na rame har wandona ya fara neman wani mai shi. Amma ce kaɗai ba ta juya mini baya ba. Labarin ya zaga gari, ta ji shi a bakin masunta, kullum ta kawo tuwo sai ta naɗe kanta da gefen zane ta kwaikwayi tashina, ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Daga ƙarshe jami'in ofishin jakadanci ya dawo da hukunci. An soke makarantar, takardarta ba ta da daraja a gida. Amma dattijon ya tsaya mana, an samar mana gurbi a wata babbar makarantar gwamnati a wani birni, wadda aka duba aka amince da ita, kuma gwamnatinmu za ta ɗauki nauyin kowa har da irin su Lawal. Sharaɗi ɗaya ne: kowa zai koma aji ɗaya. Wasu suka ce ba za su iya ba, suka tattara suka koma gida. Na ɗauka Lawal zai bi su. Ranar tafiya sai na gan shi a tashar nan mai hasumiya, ya shiga wani tarago daban.

Sabon wurin asibiti ne na gaske, har warinsa. Majiyyata a kan gado, a ƙarƙashin gado, a baranda. Ba a jima ba wata farfesa, 'yar tsohuwa mai kaifin harshe, ta ji an ce akwai wanda ya kusa gamawa a wata makaranta, ta ce a kawo mata shi ɗakin haihuwa ta gani, mu sababbi mu tsaya a baya mu kalla. Mace ce kwance tana naƙuda, jini ya ɓalle mata. Farfesa ta ce wa Lawal, "Taɓa cikin ka gaya mini yadda ɗan yake kwance." Lawal ya san amsar a littafi, shafi da layi. Ya ɗora hannu. Na ga hannun yana lalube kamar mai neman ashana a duhu. Ta ture shi gefe ba tare da ta ɗaga murya ba, ta sa hannu, ta ba da umarni, nas-nas suka rufu. Aka ceto uwar, aka ceto ɗan. Da na waiwaya ba Lawal.

A bayan ginin na same shi, zaune a kan matakala, ya zuba wa tafin hannuwansa ido. Na tsaya nesa kaɗan, ban san ko in matsa ba.

"Da yanzu ina Zariya," ya ce. "Da farar riga. Da wannan hannun za a kira ni a kan matar wani."

Ban ce komai ba. Wannan na cikin lokuta ƙalilan a rayuwata da aka ga hakan.

Ya share fuska da hannun riga, ya matsa gefe ya bar mini wuri a kan matakalar. "Zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar mai bin bashi. Shekara huɗu ka ci mini, Bakano. Ban yafe ba, sai na ga ka ɗauke mini jaka har mu gama."

Na zauna. Na ce, "Bawa ba ya ba ubangidansa jaka."

Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da Kano. Tashi mu koma ciki, tsohuwar nan ta ce akwai wata mai naƙudar, kuma wannan karon sai na gano inda kan yaron yake."